Tukuna

Ƙarfe biyun dare a Sapporo.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin titi.
Chizuru ta sunkuya kan madubin ƙara girma,
shayinta ya huce tun sha ɗaya.

Ƙarƙashin gilashi, ƙwayar yis guda,
ba ido, ba baki, ba ƙwaƙwalwa,
amma ta san "tukuna".

Kafin ta yi toho sai ta auna kanta:
Na kai girma? Akwai sukari a gidan?
In babu, ta naɗe hannu ta zauna.
Wanda bai ƙoshi ba, ba ya gayyatar baƙo.

In akwai, sai wani furotin ya taso kamar cikar teku,
ya kama hannun abokinsa mai barci,
su biyun su murɗa mabuɗi.
Aiki na ƙarewa a farfasa shi, a share wurin,
kada ƙofa ta buɗe sau biyu.

Sai kwafar littafin gado, harafi bayan harafi.
Ko ɗigo ya karkace,
mai gadi ya ce a dakata a gyara.
Sai jeri: zare goma sha shida,
kowanne da igiya biyu,
ɗaya na ja wajen uwa, ɗaya wajen 'ya.
Guda bai ɗauru ba? Kowa ya tsaya.
Ba a rabon gado a tsaitsaye.

Minti casa'in. 'Ya ta ɓalle,
ta bar wa uwa tabo kamar zobe.
Chizuru ta ƙirga: sha tara.
Tsohuwa ce, ta kusa dainawa.

A faranti na bakwai
akwai waɗanda ta cire wa mai gadi.
Su ba sa tambaya. Rabuwa suke, rabuwa,
ƙanana, karkatattu, littafinsu a yage.
Ba ta son daɗewa a kansu.

Don a tsallaken kogin Toyohira, hawa na biyar,
mahaifinta Genzo na kwance,
mutumin da ya shekara arba'in yana gasa burodi,
wanda kan buge mata hannu daga murfin kwano
ya ce kwaɓi ba ya son leƙe.
A hanjinsa wasu ƙwayoyi
sun manta da "tukuna".

Wayarta ta yi haske. Ma'aikaciyar jinya ce:
ya sha romo cokali uku, ya samu barci.

Ta goge tabarau da gefen riga,
ta rubuta lokaci,
ta koma kan tsohuwar mai tabo sha tara,
wadda ta cika, ta yi tsit,
tana auna ko za ta iya
ɗaya kuma.