Jaka Uku

Bara a jajibiri muka bar Kurna,
Da azahar, rana na narka kwalta.
Jaka bakwai, da buhu, da kwalin taliya,
Da ragon da Tasi'u ya ci bashi ya saya.
Ragon ya turje a bakin hanya,
Sai da ƙarti uku suka cusa shi Adaidaita.

A Bata muka yi sa'a guda cur,
Ba gaba, ba baya, sai hayaƙi da hon.
Kamilu ya ce ruwa. Na manta gora.
Barira ta ce fitsari. Na ce riƙe.
Tasi'u na duba agogo kamar shi ya tare hanya,
Ni ina duban Tasi'u kamar shi ya ƙirƙiro Sallah.

Da muka kai Yankaba kuɗin mota ya ninka,
'Yan kamasho biyu na jan jakata ɗaya,
Takalmin Barira na hagu ya shige turmutsutsu,
Har yau bai aiko da labari ba.
Cincin ɗin da na kwana biyu ina soyawa
Ya zama gari a ƙarƙashin rago.

Bayan isha muka shiga Ringim,
Ba mai yi wa wani magana.
Inna ta haska mu da cocila ɗai-ɗai,
Ta ƙirga jaka, ta shafa ƙahon rago,
Ta ce, "Kaya dai sun iso lafiya.
To, ina mutanen?"

Maganar nan ta shekara a kunnena.

Bana tun wata bai yi kwana uku ba
Na zauna wa tela a Kwari kamar mai bin bashi,
Na karɓo ɗinkin yara da zare a jiki,
Na ƙarasa maɓallan da hannuna.
Kuɗin rago muka aika wa Kawu Sule,
Ya sayo a can, ya ɗaure a gindin darbejiya,
Ragon da bai san Adaidaita ba, ya huta, mun huta.

Na ce jaka uku, ba ta huɗu.
Abin da bai shiga ba, ba ya da rabon tafiya.
Atamfa biyu na fitar, na mayar, na sake fitarwa,
Zuciya na cewa me dangin miji za su ce?
Na ce su ce. Baki ba ya ɗaukar kaya.

Zoɓo ya kwana a firjin Maman Nazifi,
Ya yi ƙanƙara, zai narke a hankali har Gezawa.
Dabino a aljihun Kamilu, aya a na Barira,
Kowa ya zaga bayi kafin a sa takalmi,
Makulli na hannun maƙwabciya,
Mun kwanta da wuri kamar kaji.

Saura kwana uku Sallah. Mun idar da asuba.
Titin Katsina fayau, sai mai shayi na hura wuta,
Bata da ta cinye mana sa'a, mun wuce ta
Kafin Barira ta gama hamma.
A Yankaba direba na goge gilashi,
Ɗan'azumi sunansa, ya gaishe mu da sunan Allah,
Ya faɗi kuɗi, kuɗin jiya ne, ba ciniki.

Muna jiran mutum biyu mota ta cika,
Yara na gardamar wa zai ƙirga kuka, wa zai ƙirga tirela,
Sai gabana ya faɗi:
Cincin! Yana kan kabad, a cikin bokiti mai murfi.

Na dubi Tasi'u. Ya dubi agogo.
Sai ya cire shi ya jefa aljihu,
Ya ce, "Kira Maman Nazifi, goron Sallarsu ke nan."
Dariya ta ƙwace mini har mayafi ya zame.

Inna, shimfiɗa tabarma, ɗora koko.
Kayan bana kaɗan ne.
Mutanen suna tafe.