Layin Rawaya

Duk shekara in ƙanƙara ta narke
ni nake durƙusawa da gwangwanin fenti
in sabunta layin rawaya a gaban asibiti.
Faɗinsa bai kai tafin hannuna ba.
Nan filinmu, can hanyar kowa.
Shekara goma sha tara, gwiwata ta haddace wurin.

A hayin layi Loretta Banas take tsayawa
da carbinta na coci da koriyar hular ulu,
Talata da Asabar, ko sanyi na fasa bututu.
Ta san sunan karena.
Na san mijinta ya rasu a watan Maris.
Takan miƙo mini kofi ta saman layin,
hannu ya ƙetare, ƙafa ba ta taɓa bi ba.
"Wendell, ƙofar kabari kake sharewa."
"Gishiri nake barbaɗawa, Loretta, kada wata ta zame."
Iyakar muhawararmu ke nan, ba ta tsufa.

Jiya a rediyon motata
na ji 'yan majalisar jiha sun hallara
ƙarƙashin ƙubbar nan da harajinmu ke yi wa kwaskwarima,
suna roƙon Washington
ta soke dokar da ta hana tare ƙofar asibitin zubar da ciki.
Wani ya ce doka ce mai ɗaure tsofaffi masu addu'a.
Wata ta miƙe ta ce a tuna likitocin da aka binne.
Aka buga guduma,
aka tafi cin abincin rana.

Ban ce duka ƙarya suke yi ba.
Bernadette, yayar Loretta,
mai ciwon sukari, shekara sittin da takwas,
ta yi watanni a gidan yari
don ta zauna ta toshe wata ƙofa tana waƙar coci.
Hotonta na cikin jakar Loretta, gefensa ya lanƙwashe.
Da ta nuna mini, kofina na kalla.

To, ni ma ina da hoto, sai dai ba ya shiga jaka.
Kafin dokar, mahaifina ke wannan aiki.
Ina ɗan sha biyu, na riƙe masa tocila da asuba
yana ƙwaƙulo gam daga ramin makulli.
Kafin hantsi mutane sun cika matakala,
wasu sun ɗaure wuyansu da sarƙar keke.
Wata mace da rigar aikin kanti,
tafiyar awa huɗu a bayanta,
ta zagaya layinmu sau bakwai, na ƙirga.
Baba ya shigar da ita ta baya, ta wajen bola,
ya lulluɓe ta da kwat ɗinsa mai warin kananzir.
Ba ta ce an gode ba. Haƙoranta ke kaɗawa.

Nas Yolanda ta ce kada in tada hankali,
roƙo ne a takarda, bai zama doka ba tukuna.
Amma na ga ta canza wurin ajiye motarta.

Waɗanda suka sa hannu, da waɗanda suka ƙi,
babu wanda ya san tayil na uku a matakala yana rawa,
ko cewa fitilar ƙofar baya sai an mare ta take kamawa.
Daga nesa ƙofa kalma ce.
Ni nake shafa mata mai.

Yau Asabar. Na buɗe gwangwani.
Loretta ta ce, "In sun soke, za ka ci gaba da fentin?"
Na ce, "In sun soke, za ki ƙetare?"
Ta daɗe tana duban takalmanta.
Wata farar mota ta rage gudu,
lambar wata jiha, mace ita kaɗai a ciki.
Loretta ta ɗaga carbi, ta soma kiranta "'yata".
Na ce, "A kula, bai bushe ba."
Ban san da wa nake ba a cikinsu.