Jan Biro a Aboabo

Na fito da jan biro biyu a jaka,
ɗaya ya tsiyaye a cikin tiro-tiro
tun ba mu ƙetare gada ba.
Na ce to, yau an rage mini gyara.

Aji uku. Yara hamsin da huɗu, benci sha bakwai,
da taga guda da ta rantse ba ta rufuwa.
Bayan katanga mai koko na kiran ciniki
da harshe uku,
ita da ba ta taɓa riƙe alli ba.

Jadawali ya ce Turanci, minti arba'in,
bayansa Tonanci.
Hausa ba ta da gurbi a jikin bango,
sai ta shigo ta ƙarƙashin benci
kamar kyanwar maƙwabta,
ta kwanta a bakin mai neman aron fensir.
Ina ganinta. Ban kore ta ba.

Fuseni har yau "b" da "d" na yi masa wasan ɓuya.
Na ce, ɗaya tulunsa a gaba, ɗaya goyo ya yi.
Ya dube ni, ya dubi allo,
ya ce, Malama, to ina zanin goyon?
Aji ya fashe. Ni ma na juya baya
na yi tawa dariyar ga allo.

Lariba kuwa sifiri ta ci a shifta.
Amma ranar Asabar a Kejetiya na gan ta
tsakanin kakarta da wata mai atamfa,
tana ɗauko magana daga wannan baki
ta wanke, ta miƙa wa wancan,
har aka bar musu sidi biyar.
Wane akwati zan cika a takardar sakamako
in ce yarinyar nan tafinta ce?
Na duba. Ba su buga shi ba.

Na rubuta waakye a allo, yadda masu shago ke yi.
Wa ya san asalinsa?
Shiru. Sai Adwubi, 'yar Tonawa, ta ɗaga hannu:
wake ne, Malama, kaya kawai ya sake.
Haka ne. Kalma ma fatake ce,
ta zo da goro, ta yi aure, ta haihu a nan,
jikokinta ba su san hanyar gida ba
kuma ba wanda ya ce su baƙi ne.

Sha ɗaya da kwata ruwa ya sauko.
Kwanon rufi ya karɓe darasin,
ko ihu na yi ba mai ji.
Na ajiye littafi, na rubuta:
Me ruwan yake cewa?
Sumaila ya zo ya sa rugugu.
Wata ta sa yayyafi, aka ce ƙarya ne, wannan ya wuce nan.
Suka yi ta gardama da hannu,
allo ya cika da harsuna huɗu
da wata kalma da ba ta kowa ba,
Lariba ce ta ƙera ta, harafi biyar, biyu a juye.
Na bar ta.

Da dare, bayan lisha, an ɗauke wuta.
Ga littattafai hamsin da huɗu, ga tocila a haƙori.
Jan biron da ya rage na neman aiki,
ni kuma ina tuna malamin da ya taɓa cika mini shafi da ja
har na yi shekara ban rubuta wa kowa komai ba.

Na buɗe na Fuseni.
Ya rubuta: dadana ya bawo baga tafiya.
Na daɗe ina kallo.
Tun bara ake jiran mutumin nan.

Gyara ba ya tsufa, gobe ma rana ce.
A ƙasa na rubuta: Barka da arziki.
Me ya kawo maka?