Dala Dubu Ɗaya da Ɗari Huɗu

Takardar ta zo ranar Talata,
ta kwana biyu ƙarƙashin kwalbar zuma
kafin na yi ƙarfin halin farke ta.
A waje ƙanƙara ta rufe Duluth ruf,
jiragen ruwa sun daina kuka a tafki,
Bolbo tana gareji, ta yi lamo
kamar ta san zancenta ake.

Shekara ashirin da shida.
Toivo ya sayo ta da kuɗin sallamarsa daga tashar jirgi,
ya zagaya ta sau uku bai ce uffan ba,
sannan ya buɗe ƙofa: "Aili, shigo."
Gishirin titi ya cinye gindin ƙofofinta,
tsatsa ta ƙunsa mata lalle har idon sawu,
amma murɗa ɗaya take tashi
ko a sanyin da ke daskarar da hawaye.

Na kira ofishin inshora.
Yaron sunansa Desmond, ga ladabi,
ina jin yatsunsa na ƙwanƙwasa na'ura.
Ya ce, "Kin san nawa take a kasuwa yau?"
Na ce, "Ba ciniki na kira yi ba."
Ya ɗan yi dariya. "Dubu ɗaya da ɗari huɗu.
Cikakkiyar inshora, ɗari tara da sittin a shekara,
ɗari huɗu da goma a ciki na karon jikinta ne.
In kika daki turken lantarki,
ɗari biyar na farko daga aljihunki,
sauran namu.
In gyara ya fi ƙarfin kuɗinta,
mu rubuta miki cek, mu ja ta wurin 'yan gwangwan."

Na yi lissafi a bayan ambulan
da fensirin da Toivo ya tauna wa kai.
Ɗari tara, iyakar abin da za su ba ni.
Shekara biyu da 'yan watanni, na riga na biya su.
Igiya ta fi akuyar tsada.

"Barewa fa?" na ce.
"Hanyar Two Harbors, da magariba suke tsallakowa."
"Wannan daban yake. Barewa, gobara, reshe, ɓarawo,
dala tamanin."
Ɓarawo!
Wanda ya sace ta ai shi za a yi wa jaje.

Sirkka ta bugo daga Minneapolis:
"Mama, sayar da ita ki huta."
Na ce to.
Ta san irin wannan to ɗin.

Daren nan ban yi barci ba,
kuma ba ƙarfen ne ya hana ni ba.
Yarinya na tuna, mai jar hula,
da ta faɗo titi bara a gangaren Lake Avenue,
birki ya kama, taya ta ƙi,
muka tsaya, taku ɗaya tsakaninmu.
Ta kalle ni, ta wuce tana tsalle.
Ni na kai minti goma hannuna na rawa.

Da safe na sake kiran Desmond.
Na ce, "Na wanda zan iya bugewa, ɗaga shi
har inda takardarku ta tsaya.
Bar min na barewa.
Na karo, soke shi."
Ya ce, "Kin tabbata? In ta lotse, ke kaɗai ce."
Na ce, "Ɗana, shekara huɗu ke nan ni kaɗai ce."

Rarar kuɗin tana gwangwanin kofi,
wata-wata nake jefawa.
Na rubuta a murfin: batir, taya, abin da Allah ya kawo.

Bai tambaye ni kujerar direba ba.
Tana nan a tsawon ƙafarsa,
ban taɓa matso da ita ba,
matashi biyu nake sawa a baya
in miƙa yatsu in taɓo totur.