Zumar Hannun Baba

Shekara biyu ƙudan zuma na zaune a hannun Baba,
inda likita ya ɗinke jijiya da jijiya
don wankin ƙoda.
Kowace asuba, kafin alwala,
nakan ɗora yatsu uku in ji su: zuuu.

Da kaka sautin ya sirance.
Injin Kano ya riƙa ƙara, yana ƙin ja.
Suka ce hanyar ta tsuke,
za su zura balan-balan su hura ta buɗe.
Baba ya murmusa: "Shekara talatin
ina yashe lambatu a Kadawa.
Ruwa in ka matsa masa, gefe yake ci."

Gefen ya ci.
Jijiya ta tsage kamar tsohon tiyo,
dantse ya kumbura, ya yi launin ɗinya,
hannun riga ya ƙi shiga.
Suka danne, suka sake hurawa, jini ya tsaya,
ya tsaya fiye da yadda muka roƙa.

Likitar ba ta ɓoye ba: "Yakan faru,
ɗaya cikin masu yawa."
Ya ce, "To, ni ne ɗayan."

Yanzu bututu ne a wuyansa, ba wanka sai shafa.
Buhun shinkafa huɗu sun tafi kasuwar Kura.
Saura hannun dama, in ji su,
hannun fartanya, hannun tuwo.

Jiya na manta, na ɗora yatsu.
Shiru.
Bai buɗe ido ba ya ce, "Tanimu, sun tashi.
Je ka sako wa tumatir ruwa.
A hankali."