Littafin Kar a Aika

A Garwa nake, bayan babbar kasuwa,
ofis ɗaki ɗaya, fanka mai tari.
Famfon ban-ruwa muke sayarwa, da irin albasa.
Ni aikina lasar ambulan.

Sunayen ba namu ba ne.
Haya muka ɗauko wurin Alhaji Sali,
mutum dubu uku, jaka arba'in, wata uku.
Shi ma musanya ya yi da mai kantin taki a Marwa,
mai takin kuwa, an ce, rajistar manoman auduga ya kwafa.
Suna ya zama jakin haya,
kowa ya ɗora kayansa, ba mai duba gyambon bayansa.

Ran Talata takardarmu ta dawo,
an yi rubutu a bayan hoton famfo,
hannun ɗan makaranta, bakin tsohuwa:
"Hammajoda na Pitowa ya rasu, bana shekara huɗu.
Gonar tana hannun ƙanensa.
Duk sanda aka kawo takarda da sunansa
ranar ba na iya cin tuwo.
Don Allah ku daina kiransa. Dijatu."

Na ja jan biro a kan layi na ɗari bakwai da sha ɗaya.
Har na ji kamar na yi wani abu.

Wa'adi ya cika, muka mai da jaki ga mai shi.
Da kaka sabon jeri ya zo, fes, daga injin Alhaji,
sai ga Hammajoda ya tashi,
an rage masa harafi ɗaya,
akwatin gidan waya dai shi ne.
Ashe ƙofar gidana kaɗai na share, ranar iska.

Na je wurin Alhaji. Ya zuba mini shayi.
Ya ce, "Da ƙidaya ake biyana, ɗana.
In na cire duk wanda ya ce a cire shi,
me zan ba da haya? Farar takarda?"

A hanya na sayi littafi mai baƙin bango, dala sittin,
na rubuta a goshinsa: Kar a aika.
Hammajoda ne na farko.
Sai wani malamin makaranta a Gidar
da ya ce ko tukunyar fure ba ya shukawa.
Sai wata mai kifi da ta zo da kanta daga Lagdo,
ta ce, "Wa ya ba ku sunana?"
Na rasa amsa, na ba ta kujera.
Yanzu su tamanin da shida ne.

Duk jerin da ya shigo,
kafin kan sarki ya taɓa ambulan,
sai in ɗora littafin a cinya
ina tsince su kamar tsakuwa a shinkafa.
Maigida ya ce ina kashe wuni guda
kan mutanen da ba za su sayi ko allura ba.
Gaskiyarsa.

Na so in aika wa mai takin Marwa littafin,
shi ma ya tsince nasa.
Sai na tuna:
suna tamanin da shida, adireshi tabbatacce,
a hannunsa wannan ma haja ce.
Na mai da shi aljihun tebur, na kulle.

Ban taɓa ganin Dijatu ba.
In aikina ya yi kyau, babu abin da zai iso mata,
ba za ta ma san daga wa shirun ya fito ba.
Da magariba nakan tura keke ta gadar Binuwai,
makulli a aljihu,
harshena yana ɗacin gam.