Kankana a Bakin Merak

Kwana biyu ke nan ina kallon ƙeyar motar Sutarman,
har na haddace abin da ya rubuta a jikinta:
"Addu'ar uwa."
Tawa babu rubutu, sai laka da tsatsa.

Daga Cilegon zuwa bakin ruwa tafiyar rabin awa ce
ranar da Allah ya so ka da rahama.
Mu kuwa taku goma, a kashe inji,
taku biyar, a sake kashewa.
Babura sun yi dafifi a gefen kwalta,
kowanne da miji da mata da jariri da kwalin tsaraba,
kai ka ce Jawa ce ta naɗe tabarmarta
za ta Sumatra yin Sallah.

A bayana kankana ce, dubu ɗaya da ɗari biyu,
ta Hajiya Rukmini, ba tawa ba.
Sau tara tana kira tun asuba:
"Ngadiman, kun shiga jirgin?"
Na ce, "Ina hangen hayaƙinsa."
Ban yi ƙarya ba.

Ranar Merak ba ta san mai azumi ba.
Da la'asar na ji tas! a ƙarƙashin tamfol.
Na hau na yaye.
Na ƙasa sun gaji da ɗaukar na sama,
jan ruwa na bin tsagar katako,
ƙudaje sun riga ni samun labari.

Da ladan ya ɗaga murya daga bayan gidan mai,
sai na ga layi ya yi tsit.
Gorunan ruwa sun ƙare tun azahar.
Wani yaro na lasar murfin kwalba,
uwarsa ta kau da kai.

Na zaro wuƙa.
Abin da zai ruɓe gobe,
gara ya kwana a cikin mutum yau.
Na yanka, na miƙa, hannu ya ba hannu,
ta bi layi ta wuce inda idona ya tsaya.
Tsohuwa Sarinten mai tallan kofi ta karɓa da haɓar zane.
Ɗan sandan da ya zage ni da safe
ya sha tasa a tsaye, ruwa na bin gwiwar hannunsa,
bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Ƙarfe biyun dare aka busa usur.
Jirgin ya saki leɓensa na ƙarfe a kan gaɓa,
ya dinga haɗiyar mu ɗaya bayan ɗaya,
bas da tirela da motar ɗaukar gawa.
Mai jar tocila na cewa matso, matso, ƙara kaɗan,
har madubina ya sumbaci na Sutarman.
Suka cusa itace a gindin taya.
Na fita ta taga, don ƙofa ba ta buɗuwa.

Sama, mutane kwance kamar an shanya wanki.
Iskar gishiri ta wanke mini warin gas daga hanci.
Ruwa baƙi, sama baƙa,
can kudu inda dutsen wuta yake, ko ƙyalli babu.

Waya ta yi ƙara.
"Mun shiga, Hajiya."
"Kaya lafiya?"
Na dubi yatsuna, har yanzu suna danƙo.
"Babu arba'in da uku."
Shirunta ya kusa kai tsawon layin Merak.
"Ruɓewa suka yi?"
"An sha su."
Na ji ta tana jan numfashi, tana lissafi.
"Rabi a kuɗinka, rabi a nawa.
Ladan ma haka za a raba."

Da gari ya fara wayewa ga fitilun Bakauheni,
kusa, kamar in miƙa hannu.
Sai inji ya sassauta, ya yi shiru.
Jirage huɗu ne a gabanmu suna jiran gaɓa.
Ashe teku ma tana da layi.

Sutarman ya yi dariya har da tari.
Ya ɓanɓare wani baƙin iri daga wuyan rigata,
ya jefa a ruwa, ya ce,
"Kafin mu sauka ta yi 'ya'ya."